Takalmin Hagu

"Tsaya cak mana, Auta! Ke kullum kamar an zuba miki tururuwa a zani."

"Baba, makara fa zan yi. Hedimasta ya ce duk malamar da ƙararrawa ta riga ta shiga, ita za ta tsare get ranar."

Baba bai kula ta ba. Ya tsayar da ita ba takalmi a kan simintin tsakar gida, ya gitta doguwar sandarsa a bayan wuyanta daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya kwantar da wata 'yar kwalba mai rabin ruwa a kan sandar, ya ƙura mata ido. Sai ya durƙusa ya tura yankin fata ƙarƙashin ƙafarta, ya miƙe ya sake duban kwalbar.

"Ni dai ban taɓa ganin inda ake auna takalmi daga kafaɗa ba sai a gidan nan," in ji Auta.

"Kin taɓa ɗinka takalmi?"

"A'a."

"To ki bar wa masu sana'a sana'arsu."

Umma tana bakin murhu tana jin su. Ta ƙara sunkuyar da kai a kan tukunyarta.

Baba mai gyaran takalmi ne. Shekara talatin ke nan yana zaune a rumfarsa ta kwanar titi, tsakanin guduma da basilla da gwangwanin gam. Auta ita ce ƙaramar 'ya'yansa biyar, ita kaɗai ta rage a gida, tana koyar da 'yan aji biyu a makarantar firamare. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa sa takalmin kasuwa ba. Na makaranta, na unguwa, kai har silifas ɗin wanka sai ya kwana a rumfar Baba kafin ya shiga ƙafarta. Yayyenta kuwa ko a ina suka sayi nasu bai dame shi ba. Ita ta ɗauka gatan 'yar auta ne, su ma haka suka ɗauka, har suna yi mata tsiya da shi.

Wanda zai aure ta mai gyaran wutar lantarki ne. Ya zo gyara fankokin makarantarsu, ya gyara ta ajinta sau uku alhali sau ɗaya ta lalace. Kowa Injiniya yake kiransa, ko da yake shi da kansa yakan ce takardarsa ba ta kai nan ba. Yaro ne mai kunya da riƙon salla. Iyaye sun gana, an tsayar da rana, saura wata uku.

Ranar nan da aka tashi daga makaranta ta same shi a bakin get, yana ɓoye wani kwali a bayansa.

"Malama, rufe idonki."

"A gaban ɗalibaina? Kai dai ba ka da kirki."

Ya buɗe kwalin. Takalmi ne ruwan toka mai 'yar dunduniya, da wani ɗan ƙarfe mai walƙiya a gefe.

"Kai! Injiniya! Yaya aka yi ka san sayis ɗina?"

"Sawunki na auna a yashi da waya. Sori fa, ba raina aikin Baba na yi ba, amma kullum sitayil ɗaya, baƙi, kamar na 'yan sanda!"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sai dai ta san Baba. Ta san ranar da wata ƙawarta ta ara mata takalmi tana 'yar sakandare, yadda ya ƙi cin abinci har sai da ta mayar. Saboda haka ta ɓoye kwalin a kabad ɗin ajinta, bayan kwalayen alli. Da safe ta fito da na Baba, tana shiga aji ta sauya, in an tashi ta mayar. A ranta ta ce ai ba ƙarya ta yi ba, shiru kawai ta yi.

Kwana huɗu da farawa ƙugunta ya soma ciwo. Cikin mako guda ciwon ya hau gadon bayanta, ya kama wuyanta ta dama, ya riƙa sara mata kai duk bayan azahar. Mayafinta kuma ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a, da ta juya allo sai ya zame ta hagu.

"Malama, mayafinki!" in ji 'yan aji baki ɗaya, sau biyar sau shida a rana.

Umma ta shafa mata man zafi, tana tambaya, "Wai me kike ɗagawa ne a makarantar nan?"

"Rubutun allo ne, Umma. Allon ya yi sama da yawa."

A mako na uku Injiniya ya ce mahaifiyarsa tana son Auta ta zo su wuni. Auta ta bi ta makaranta ta ɗauki takalmin kwali, don ya ga ta sa a gidansu. Daga inda mota ta sauke ta zuwa gidan akwai 'yar tafiya, kafin ta isa kuwa bayanta kamar an ɗaure shi da waya.

Mama, mahaifiyar Injiniya, tela ce. Ta yi shekaru tana ɗinka wa mata kaya kafin ido ya sa ta rage, amma idon nan in dai a kan jikin mutum ne, ya fi tef ɗin awo. Ta taga ta hango Auta tana ratso tsakar gida, sai murmushin da ta shirya ya tsaya a rabi.

Auta ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe ta. Mama ta amsa da kyau, ta ba ta ruwa, ta tambayi mutanen gida. Can ta ce, "'Yata, tashi tsaye in gan ki."

Auta ta tashi.

"Juya. Saki hannuwanki. A'a, kar ki gyara tsayuwa, tsaya yadda kika saba." Mama ta ƙare mata kallo. "Tun yaushe kafaɗarki take haka?"

"Haka yaya, Mama?"

Mama ta kama hannunta ta kai ta gaban dogon madubin da masu ɗinki suke gwada kaya, ta zare mata mayafi. Auta ta duba. Kafaɗarta ta dama tana sama, ta hagu ta sauka, wuyan rigarta ya karkace gefe guda. Ba wani abu ne mai yawa ba, amma da ka gani ba za ka ƙara daina gani ba. A gidansu ɗan madubin fuska ne kawai a bango. Shekara ashirin da huɗu, ba ta taɓa tsayawa ba takalmi ta kalli kanta daga sama har ƙasa ba.

"Wallahi Mama ban sani ba..."

"Ke ba ki sani ba," in ji Mama a hankali. "Wadda ta yi miki wanka kina jaririya fa?"

Bayan Auta ta tafi, Injiniya ya shigo da fara'arsa, ya tarar da Mama zaune a gaban keken ɗinki ba ta ɗinka komai.

"A dakata da maganar nan tukuna," ta ce.

"Mama! A dakata? Me ta yi?"

"Zauna. Kai ba ka san ƙanwata ba, ta rasu kana goye. Haka ta fara, kafaɗa ɗaya ta ɗan ɗaga. Ni nake ɗinka mata riguna, ina cusa soso a gefe guda don kar a gane. Shekara kan shekara bayanta yana lanƙwashewa, har numfashi ya zo yana yi mata wuya. Ni na yi jinyarta, ni na san abin da na gani." Ta share ido da gefen zani. "Ba na ƙin yarinyar nan, Allah ya sani. Amma in ciwon nan ne, in kuma yana bin jini, sai ka shiga da idonka a buɗe. Abin da ya fi ƙona mini rai, mun zauna da iyayenta, mun ci mun sha, ba wanda ya ce mini uffan."

"Ko da ciwon ne, Mama, ni ina son ta a haka."

"Na ji. Ban ce ka fasa ba, cewa na yi a dakata."

Ya buɗe baki zai yi musu, sai ya tuna wadda yake magana da ita. Ya haɗiye, ya ce, "To Mama. Amma ina roƙon abu ɗaya. In za a je asibiti, da ke za a je. Kar in dawo in ba ki labari ki ce so ne ya rufe mini ido."

Auta kuwa da kuka ta shiga gida. Ta faɗa jikin Umma tana cewa, "Umma, a karkace nake! Ashe a karkace nake ba ku taɓa gaya mini ba!" Jakarta ta faɗi, takalmin ruwan toka ya gangaro waje, don a ruɗe ta manta ba ta biya ta makaranta ta ajiye shi ba.

Umma ta kalli takalmin, ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Tun yaushe kike sa wannan?"

"Sati uku... Umma, me ya haɗa takalmi da kafaɗata?"

"Ba bakina ne zai faɗa ba. Na yi wa babanki alkawari, na kuma yi nadamar alkawarin tun ba yau ba."

Da Baba ya dawo daga rumfa Umma ta tare shi a zaure. Auta tana jin muryarta ƙasa-ƙasa, "Malam, yau kam ya isa. Auren yarinyar nan zai lalace a kan shirunka." Baba ya shigo, ya ɗauki takalmin kasuwan, ya juya shi, ya danna cikinsa da babban yatsa. Ya dubi 'yarsa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ku je asibiti a duba ki. Ki tafi da wanda na ɗinka miki." Ya ɗauki buta ya fita.

Kwana tara kafin ranar ganin likita, kwana taran nan kuwa Auta ta ji su a jikinta. Injiniya bai zo ba, saboda Mama ta ce a dakata, shi kuma ba ya yi mata wasa da magana. Sai dai kullum da safe mesej ɗaya yake shigowa: "Malama, ina nan." Wata malama a makaranta ta ba ta shawara ta cusa soso a riga ta je ta ce wa tsohuwar ai ta warke. Auta ta ce, "Ɓoye-ɓoye ne ya kawo ni nan, ba zan ƙara wani a kai ba." Ta koma sa takalmin Baba, ta riƙe sallarta, tana roƙon Allah in auren alheri ne ya tabbatar, in ciwo ne ya ba ta ƙarfin ɗauka. Abin da ya ba ta mamaki, kafin mako ya zagayo ciwon kan ya tafi, ƙugun ma ya lafa. Da Baba kuwa gaisuwa kawai take haɗa su.

Ranar asibiti su huɗu suka shiga: Auta, Umma, Injiniya da Mama, wadda ta zo da tef ɗinta na awo a jaka. Likitar ƙashi wata mace ce mai fara'a. Ta sa Injiniya ya jira a waje, ta ce Auta ta cire takalmi ta sunkuya kamar mai ruku'u, ta bi ƙashin bayanta da yatsa tun daga wuya har ƙugu. Ta duba hoton da aka ɗauka. Sannan ta kwantar da ita ta auna ƙafafunta.

"To, ga ɓarawon," in ji likita. "Ƙashin bayanki lafiya lau yake. Ƙafarki ta hagu ce ba ta kai ta dama tsawo ba, da kusan santimita biyu. In kin tsaya ƙugu sai ya sauka ta hagu, baya ya biyo shi, kafaɗa ta biyo baya. Naman wuya kuma yana ta ja don ya daidaita kai, shi ne ciwon kan da kike ji. Tashi ki gani."

Ta tura wasu 'yan allunan katako ƙarƙashin ƙafar hagu, ɗaya, biyu, uku. Kafaɗun suka daidaita kamar an ja zare.

Mama ta zaro tef ɗinta, ta auna daga kafaɗar dama zuwa ƙasa, ta zagaya ta auna ta hagu. Ta sake. Sai ta zauna a kujera daɓas, ta ce, "Alhamdulillahi. Alhamdulillahi! Likita, ba irin mai lanƙwasa mutum ba ne? Ba ya bin jini?"

"Akwai irin wannan, Mama, kuma kin yi daidai da kika ce a duba. Wani kuma jaka ce mai nauyi a gefe ɗaya, wani zaman aiki ne a karkace. Nata daga ƙafa ne. Abin da nake son sani, an haife ta da shi ne, ko ta taɓa karaya tana ƙarama?"

"Ban taɓa karaya ba," in ji Auta.

"Kin taɓa."

Duk suka juya. Baba ne a bakin ƙofa, hularsa a hannu, gam a yatsunsa. Ashe ya rufe rumfa ya biyo su, yana zaune a benci tare da Injiniya tun ɗazu. Likita ta ce su shigo duka.

"Kina shekara huɗu," in ji Baba, idonsa a ƙasa. "Kika yi ta kuka sai kin bi ni rumfa. Ummanki ta ce kar in ɗauke ki a keke, na ce me zai faru. A kwanar titi mota ta taso, na kauce, muka faɗa kwata. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, ke cinyarki ta karye. Aka ce in kawo ki asibiti, na ce mai ɗori ya fi sauri. Ya ɗora, ƙashi ya kama, amma da kika fara tafiya sai na ga kina ɗingishi kaɗan." Ya ja numfashi. "Ni na ɗauke ki, ni na kayar da ke, ni na zaɓi inda aka kai ki. Na kasa jure ranar da za ki dube ni ki san haka. Na kasa jure yara su sa miki suna a makaranta. Abin da na iya a duniya takalmi ne, sai na yi abin da na iya."

Likita ta ɗauki takalman Auta ta jera su a tebur. Daga waje ba su da bambanci ko kaɗan. Ta zare shimfiɗar cikin na hagu, sai ga fata an jera ta falle-falle, an fere ta da kauri a dunduniya, tana sirancewa har zuwa yatsu. Na daman kuma an rarake cikinsa don tsayinsu ya zo ɗaya a ido. Ta auna kaurin, ta dubi allunan da ke ƙasa, ta sake aunawa.

"Baba, wa ya ba ka wannan awon?"

"Sanda da kwalbar ruwa. Duk shekara nake sakewa, saboda tana girma."

"To ni ba ni da abin da zan ƙara. Shekara ashirin kana yi mata maganin da zan rubuta yau. Shi ya sa bayanta bai taɓa sanin akwai matsala ba. Ba gado ba ne, ba ya ƙaruwa, ba ya hana ta komai. Ta dai riƙa sa irin wannan, in kuma nuna mata motsa jiki na wuya."

Injiniya ya dafe kai. "Wato ni ne na jawo, da takalmina mai walƙiya! Malama, sori. Yau zan jefa shi a bola."

"Ba kai ba ne, ɗana," in ji Baba. "Da na faɗa, da ba ka saya ba."

Mama ta gyara mayafinta ta fuskanci Baba. "Malam, aikinka ya yi kyau. Ni mai ɗinki ce, na san hannu in na gani. Shirunka ne bai yi kyau ba. Kwana tara ina ganin ƙanwata a mafarki." Sai ta juya ga Auta ta kamo hannunta. "Ke kuma 'yata ki yafe mini. Na tsayar da ke gaban madubi kamar yadin da zan yanka, ban tambayi zuciyarki ba. Rana tana nan inda aka sa ta."

Auta ba ta ji ƙarshen maganar sosai ba, Baba take kallo. Ta yi kwana tara tana tara fushin da za ta sauke masa, yanzu ta neme shi ta rasa. Ta durƙusa a gabansa a kan tayil ɗin asibiti.

"Baba, da ka gaya mini, wallahi ba abin da zan ce sai Allah ya ƙaddara. Keke ne ya faɗi, ba kai ka jefar da ni ba. Ni ma na ɓoye maka nawa, ka yafe mini."

Baba ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna girgiza. Umma tana hawaye tana dariya, tana cewa, "Kai, yau zan yi barci! Shekara ashirin ina ɗauke da maganar nan kamar dutse."

An yi aure a ranar da aka sa. Bayan sati biyu Baba ya aika a kira masa angon, ya ce ya same shi a rumfa. Injiniya ya zo da jakar kayan aikinsa, yana zaton wuta ce ta lalace.

"Ajiye wannan," in ji Baba. Ya miƙa masa wuƙar fira da yankin fata. "Idona ya fara gajiya, kuma ba wanda ya san ranarsa. Abin da ya fi hana ni sukuni a shekarun nan shi ne, in na tafi wa zai yi mata? Da ba na iya koya wa kowa, don in na koyar sai na faɗi sirrin. Yanzu kam zauna."

Injiniya ya zauna a kan ɗan benci, ya fere fatar nan iya ƙoƙarinsa, ya miƙa. Baba ya ɗaga ta sama, ya juya ta, ya dube shi ta saman tabarau.

"Wannan in ka sa mata, ba kafaɗa ba, har kunnenta sai ya karkace. Sake!"

Sai da ya lalata fata bakwai. Ta takwas Baba ya shafa ta da yatsa, ya ce, "To. Gobe ka dawo."

Haka Allah ya warware lamarin cikin sauƙi, bayan an sha kuka a kan abin da magana ɗaya za ta iya kashewa tun farko. 'Yan'uwa, ku da za ku yi aure da mu da muke aurarwa, mu riƙe wannan: so ba ya ba mu izinin ɓoye wa mutum gaskiyar jikinsa ko ta rayuwarsa, ko da tausayi ne ya sa. In kuma an ga wani abu a jikin 'yar mutane, a bincika wurin masu sani kafin a yanke hukunci. Yaron nan bai ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, yarinyar nan ba ta rufe gaskiya da soso ba, suka yi haƙurin kwana tara, Allah kuma bai bar haƙurinsu ya tafi a banza ba. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da sauƙin faɗa.